Katin Kama Tele

Mai shayin bakin layinmu bai tsokane ni ba ran nan. Daga nan na san akwai matsala.

Tun da na sayo katin nan na kwamfuta, ban taɓa giftawa ta gaban teburinsa ba sai ya ɗaga kofi ya ce, "Madam Tele, yau wa kika kama?" Ni kuma in ce, "Kai ne na gaba, Kawu, gyara hularka." Haka muka saba. Amma ran nan da hantsi, ina dawowa daga wajen matan Placodji masu kifi, leda a hannuna, sai ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema? Gidan mai ɗinki yana can gaba, ki miƙe."

A layin nan aka haife ni. Inna ta ce shi ya feɗe ragon sunana. Kuma babu wani mai ɗinki a can gaba, sai bola da bangon gareji.

Akwai mutum zaune a kan bencinsa, ba kofi a gabansa. Dogo ne, ya cusa riga mai ruwan ƙasa cikin wando, ga baƙin tabarau, ga takalmi sau-ciki yana ƙyalli, a layin da yashi da ruwan kwata ba sa barin takalmi ya yi ƙyalli. Farar mota na tsaye a bayansa. Na miƙe kamar yadda aka ce mini, na wuce ƙofar gidanmu ban ko kalle ta ba, na je har bangon garejin na tsaya, ni da kifina. Ƙudaje ne suka fara gano inda muke.

Zancen mai ɗinkin nan duk ɗan layinmu ya san shi. A zamanin da, lokacin da kowa ke kiran kowa kamarad, akwai wani tela a ƙarshen layin, mai yawan barkwanci. Wata rana ya yi barkwanci a kan wani babba, washegari aka zo da mota aka tambayi gidansa, wani ya nuna. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuma bai ƙara ba kowa dariya ba. Ni ban san shi ba, ina goye aka yi. Gidan ma an rushe shi. Amma tun daga lokacin mutanen layinmu suka ɗauki ɗabi'a biyu. Baƙo in ya tambayi gidan wani, ba a sani ba, ko da uwarsa aka tambaya. Wanda ake nema kuma in ya ɓullo, sai a tura shi gidan mai ɗinki, wato kada ya tsaya. An yi taron ƙasa, an canza mulki, an yi zaɓe an sake yi, jaridu sun cika bakin titi suna zagin wanda suka ga dama. Layinmu bai canza ba. Ni dai a tatsuniya na san abin, ban taɓa zaton ni za a tura ba.

Bari in koma baya kaɗan, saboda wanda bai san yadda na zama Madam Tele ba.

Baba mai motocin ɗaukar kaya ne daga por, wato tashar jiragen ruwa, zuwa arewa, kuma har yanzu yakan bi motar da kansa don bai yarda da direbobi ba. Yayana shi ya sayo kwamfutar cikin gwanjon Turai da ke fitowa daga por. Ya ce don aikin motoci. Aikin motoci bai taɓa shiga cikinta ba, finafinai ne a faifai ke shiga suna fita. Bidiyonmu na kaset kuwa iskar teku ta gama da shi, duk kaset da aka sa masa sai ya tauna ya tofar.

Abin da ya dami Baba shi ne wa'azin da ake sawa a tele ran Juma'a, wanda malamin masallacinmu yakan fito a ciki. Baba yana hanya, ya rasa. Ya dawo, abokansa su ce, "Alhaji, da ka ji abin da Malam ya faɗa." Wannan "da ka ji" ta fi ciwon baya damunsa. Sai Yaya ya ce ai akwai wani kati da ake sa wa kwamfuta, ta kama tele ta ajiye, kamar yadda ake ajiye miya a firji.

Baba ya ce, "To a sayo."

Yaya ya ce, "Iri-iri ne, sai an karanta kwali."

Duk suka juyo suka dube ni. Faransancin Yaya na por ne, yana iya faɗa da shi, ba ya iya karatu da shi. Ni ce na yi lakwal har na ci jarrabawar brebe na ɗan ƙara gaba. Baba ya ce, "Ke muka kashe wa takalma kina zuwa makaranta. Je ki karanta."

Shagon yana bayan por, ɗan ƙuƙut, kwalaye har rufi, mai shagon yana zaune a tsakiya kamar shi ma a kwantena ya zo. Ya shimfiɗa mini katuna a kan tebur. Wannan na kallon fim ne, yana fitar da hoto daga kwamfuta zuwa babbar tele. Wannan mai fanka na masu wasa ne. Wannan mai rami a baya shi ake soka wa wayar eriya, shi ke kama tasha. Na ce mai ramin nake so, amma kada fim ya riƙa tsalle. Ya ce duk wanda na ɗauka shi ne mafi kyau.

Na ɗauki wanda aka kawo daga Legas. Yaya ya buɗe cikin kwamfutar da wuƙar kicin ya soka shi. Tashoshin Legas suka fito tar da launinsu. Tashar ƙasarmu kuwa baƙi da fari, kuma babu murya. Baba ya zauna ya kalli Malam yana motsa baki, ya ce, "Ko kurma ya fi ni ƙaruwa." Na mayar. Mai shagon ya ce ai su can pal suke yi, mu nan sekam muke yi, launinsu da namu ba sa ga maciji. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ban tambaya ba.

Sai ya ba ni na Faransa, an rubuta sekam ɓaro-ɓaro a kwalin. Na ji daɗi, na karanta wa Baba da ƙarfi. Aka soka. Hoton ya riƙa birgima, in ya ɗan tsaya sai fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Farin gemun Malam ya fito baƙi wuluk. Baba ya ce, "An mayar da shi saurayi, amma har yanzu bai yi magana ba." Na mayar. Mai shagon ya ce ai sekam ɗin ma gida biyu ne, na Faransa daban, namu daban. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya dube ni, na dube shi.

Ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Ya shiga can ciki ya farke wani babban kwali da bai riga ya jera kayansa ba, ya zaro wani ƙaramin kwali marar sunan kamfani, rubutun jikinsa ƙanana kamar tururuwa. Zan so in ce ilimina ne ya zaɓa. Gaskiya na duba jerin ƙasashen ban ga tamu ba, ban ga ta maƙwabta ba. Na ɗauka ne don yana da telekomand, abin canza tasha daga nesa, kuma Yaya ya ce in na ga mai shi kada in bari. Mai shagon ya jefa mini komai cikin kwalin, kati da waya da telekomand da wani faifai da ake sa wa kwamfuta don ta gane katin. Ya ce, "In wannan ma bai yi ba, Madmazel, gidanku ne ba lafiya."

Ya yi. Launi ya fito, murya ta fito. Fim ya daina tsalle. Malam ya yi tari muka ji. Baba ya ce in mayar baya ya sake jin tarin, don ya tabbata abin ajiyewa yake yi.

To, na iya sa wa abin lokacin farawa, amma ban iya sa masa lokacin tsayawa ba. Wa'azi ya ƙare, shi yana ta kamu, har sai an tuna da shi ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Haka ya kama labarai wata Juma'a a lokacin neman ƙuri'a. Wani babban mutum ya zo unguwarmu Zango, an ɗaura masa rawani ya karkace, ya tsaya a bakin kwatarmu ya nuna ta da yatsa ya ce, "Kafin ruwan farko ya sauka za a gyara wannan. Da farin takalmi za ku riƙa zuwa masallaci." Aka tafa. Ya ci zaɓe. Ba wanda ya tuna da abin a cikin kwamfuta.

Damina ta zo. Ruwa ya shigo ɗakuna kamar kowace shekara, bai yi sallama ba. Muka ɗora kwamfuta a kan tebur, tebur a kan bulo. Yaya yana tsaye cikin ruwa har ƙwauri, yana neman tsohon wa'azi don Baba, sai ga babban mutum da rawaninsa yana zancen farin takalmi. Yaya ya kalli ƙafarsa, ya kalli allon. Ya sake sawa. Ya leƙa waje ya kira maƙwabta.

Ban taɓa ganin ɗakinmu ya cika haka ba ko ran suna. Mutane sun nannaɗe wando, tsofaffi sun riƙe takalma a hannu, ana cewa, "'Yar nan, mayar da shi baya." Ni ke riƙe da telekomand, ni ke mayarwa. Daga baya Yaya ya kwafa a faifai ya ba wanzamin layinmu mai tele a shagonsa, wanzami ya ba wani, wani ya ba wani. Kafin wani lokaci gaisuwar Zango ta zama, "Ina farin takalminka?" A amsa, "Yana wajen wanki." Ni kuma na zama Madam Tele, yarinyar da ke kama manya ta ajiye. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Baba yana hanya aka yi duk wannan. Da ya dawo aka nuna masa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya sani ke kika kama?"

Yaya ya ce, "Kowa."

Baba ya ce, "Madalla."

Yaya ya ce, "Haba Baba, yanzu fa dimokuraɗiyya ake. Ba ka ga abin da jaridu ke rubutawa ba?"

Baba ya ce, "Jarida ba 'yata ba ce."

Shi ke nan abin da aka faɗa. Ba a daɗe ba farar mota ta zo.

Ina tsaye a bangon garejin nan, ban san iya daɗewar da na yi ba, sai ga wata maƙwabciyarmu ta ɓullo ta bayan layi da katon mayafin Inna a hammata, zemijan na biye da ita, wato ɗan acaɓa mai rawayar riga. Ta yafa mini mayafin har goshi, ta ce, "Mutumin da Faransanci ya yi tambaya. Ya ce ina yarinyar da ke ɗaukar tele a kwamfuta. Uwarki ta ce ki wuce Avotrou wajen gwaggonki, kada ki waiwaya." Na hau. Muka ƙetare gada, ruwa a ƙasa, kwale-kwale suna harkarsu, ni ina riƙe da leda. Sai da muka isa na lura ban bar kifin ba. Gwaggo ta karɓa ta shinshina ta ce, "Wannan dai ba zai jira a gama shari'a ba." Ta soya shi. Ban iya ci ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, gawayi take sayarwa a ƙofar gida, gidan kuma yana dab da ruwa, inda sauro ke da unguwarsu mu muna haya. Ita ma ta ga zamanin kamarad, don haka ba ta tsaya tambaya ba. Ta ba ni tsohon zaninta na ɗaura. Ta gaya wa maƙwabta ni 'yar ƙanwar mijinta ce daga arewa, ba ta jin Faransanci, ba ta jin yaren gari, kuma ba ta cika hankali ba. Ta ɗauko zanen gado ta lulluɓe telenta, ta ce, "Ke da wannan kada ku ko gaisa."

Na ce, "Gwaggo, ai tele kawai ce, ba ta kama komai."

Ta ce, "Haka aka ce da waccan."

Ban san yadda zan kwatanta zaman nan ba. Ba abin da ya faru, shi ne abin. Ina zaune a tsakar gida ina tsince gawayi, in mota ta rage gudu a waje sai in saki gawayin in ruga ɗaki. In ta wuce sai in ji kunya, in wata ta zo sai in sake. Na riƙa shirya abin da zan faɗa a komisariya, gaban 'yan sanda. Zan ce wa'azi nake ɗauka. Za su ce ina wa'azi a cikin farin takalmi. Zan ce ban iya tsayar da abin ba. Za su ce amma kin iya mayarwa baya. Duk yadda na juya, su ke cin nasara, kuma ni ke ba su amsar. Na tuna telan da ban taɓa gani ba, na riƙa ƙirƙira masa fuska. Na tuna brebe ɗina da ke cikin akwatin Inna, na ce ashe abin da ya saya mini ke nan. Har yau da nake rubuta wannan, in farar mota ta tsaya kusa da ni sai na nemi hanyar gudu, ko da kuwa mai burodi ne.

Yaya yakan zo da rana, ta hanyar da ba ta kai tsaye ba, ya kawo labari. Labarin kullum ɗaya ne, mutumin ya dawo.

Ya je wajen wanzami. Wanzami ya ce shi bai taɓa jin ana kama tele ba, tele ai ba kaza ba ce. Mutumin ya zauna aka yi masa aski da ba ya bukata, ya tafi. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar yana tambayar masu fitowa, kowa ya zama baƙo a Zango, jiya ya zo. Wani dattijo ya daure ya ce masa, "Me ta yi?" Ya ce, "Magana ce tsakanina da ita, ba ta jama'a ba ce." Wannan amsar ta kai kunnen Inna har ta kwanta. Mai shayi kuwa ya ce masa ya tuna, akwai wasu masu irin wannan na'ura, amma sun tashi sun koma Zogbo, gida mai koren ƙyaure. Mutumin ya tafi Zogbo ya yini yana ƙwanƙwasa koren ƙyaure. Ya dawo rigarsa sharkaf, takalminsa ya daina ƙyalli, ya zauna a benci, wannan karon ya sha shayi.

Na ce, "Yaya, wanda ya je har Zogbo ya dawo ba zai haƙura ba."

Ya ce, "Na bi na karɓo faya-fayan na kakkarya. Wanzami ne kawai ya ce nasa ya ɓata, kuma ƙarya yake." Ya ƙara da cewa, "Na ce wa Baba in fita in ce ni ne. Ai ni na kwafa."

"Me ya ce?"

"Ya ce ai yarinya mutumin ya ce yana nema, kuma ni ko an ɗaura mini kallabi ba zan wuce ba."

Gwaggo ta ce daga bakin murhu, "Da wannan wuyan naka? Ko jandarma makaho ne." Suka yi dariya.

Sai wata safiya Baba ya zo da kansa. Ban taɓa ganinsa a kan zemijan ba sai ran nan, babbar riga a tattare, ƙaramin kwalin nan a hammata. Ya zauna a tabarma, Gwaggo ta gaishe shi ta kawo koko, bai taɓa ba. Ya rame. Ya ce yayana ya zare katin daga cikin kwamfuta, ya haɗa komai da ya zo da shi, har ledar.

Gwaggo ta ce wa Baba, "Yaya, ga ruwa nan bayan gida. Jefa shi kowa ya huta."

Baba ya ce, "A'a. Mai mota ba ya zubar da kaya a hanya. Inda aka ɗauko nan ake mayarwa. In an zo an ce ina abin, in ce na mayar wa mai shi, ga shagon, ku je ku tambaya. In na ce yana cikin ruwa, sai su ce in shiga in ɗauko." Ya juyo gare ni. "Ina shagon yake?"

Na kwatanta masa. Bayan por, kusa da masu tsofaffin firji, ƙofa shuɗiya. Na ce, "Baba, in ya ƙi karɓa fa?"

Ya ce, "Ba sayarwa zan yi ba. Ajiyewa zan yi in juyo."

Ya tafi. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Gwaggo ta sa ni auna gawayi don hannuna ya sami aiki, na cika wa wata mata gwangwani har ya zube, matar ta ce da yaren gari lallai gaskiya ne yarinyar nan ba ta cika ba. Na ji, amma ba ni da izinin ji.

Bayan la'asar na ji zemijan ya tsaya. Baba ya shigo, kwalin yana hammatarsa kamar yadda ya tafi da shi. Ganin kwalin ya sa na zauna a ƙasa ba shiri. Na ce shi ke nan, an ƙi karɓa, ko an biyo shi.

Ya zauna. Ya ce Gwaggo ta ba shi ruwa. Ya sha, ya ce a ƙara. Baba ba ya gaggawar labari ko gobara ake yi.

Ya ce, "Na sami shagon. Na shiga. Mutumin yana ciki."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Yana zaune a kan kwali yana cin wake da gari. Ya cire tabarau, idonsa ɗaya da auduga, aiki aka yi masa, shi ya sa yake sawa. Na so in juya, ƙofar ta yi mini ƙanƙanta da rigar nan. Sai na ajiye kwalin a tebur na ce na dawo da kayanku, ba mu so. Mai shagon ya buɗe. Mutumin ya leƙa. Ya ajiye cokali, ya sa hannu ya zaro faifan nan, ya ɗaga shi sama kamar an haifa masa ɗa namiji."

Na ce, "Wane faifai?"

"Wanda ya zo da katin. Na sa wa kwamfuta."

Ashe mutumin shi ne mai kayan. Tsohon ma'aikacin por ne, ya yi ritaya ya zuba abin da ya samu a katunan nan, kwali guda cur, ya ba mai shagon ya sayar masa. Waɗanda suka aiko kuwa faifai ɗaya tak suka sako wa dukan kwalin, a kwafa wa kowa. Mai shagon bai sani ba, ya jefa mini shi don in tafi in bar shi ya sarara. Ba faifai, katunan duk sun zama ƙarfe. An nema a gidajen intanet an rasa, tun da abin ko suna ba shi da shi. Abin da mai shagon ya iya tunawa shi ne wata yarinya mai mayafi daga Zango, mai yawan dawowa, mai son kama tele.

Gwaggo ta ce, "To don uwar me bai faɗa ba tun farko?"

Baba ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce, Alhaji, ni na san 'yan Zango. In na tsaya a bakin layi na ce ina neman faifai guda wanda babu irinsa a garin nan, kafin azahar ya fi motata tsada." Baba ya kurɓi ruwa. "Kuma bai yi ƙarya ba. Shi ma ya tambaye ni me ya sa duk unguwa ba wanda ya san kowa. Na ce haka Allah ya yi mu."

Na ce, "Baba, zancen farin takalmin fa?"

"Ya gani. Ran da ya je aski, wanzami ya shiga bayi, wani ya kunna. Ya ce ya yi dariya har ɗinkin idonsa ya yi zafi, don shi ma ruwa ya ci ɗakinsa. Ya ce in da hali a yi masa kwafi."

"Ka ce me?"

"Na ce ban san zancen ba."

Ya tura mini kwalin da ƙafa. Katin yana ciki, da waya, da telekomand, da wani sabon faifai da aka rubuta wa suna da alƙalami, kwafin da suka yi mini nan take. Ya ce, "Ɗauko mayafinki. Ba wanda ke nemanki. Ba a taɓa nemanki ba."

Gwaggo ta tashi ta yaye zanen gadon daga kan tele, ta kakkaɓe, ta ninke. Rana ta yi ƙasa a kan ruwan bayan gida, ba a kira magariba ba tukuna. Na dafa ƙasa zan tashi, ƙafafuna suka ce su ba su ji sanarwar ba. Na ce, "Baba, sake faɗa."

Ya dube ni. Ya ce, "Ni ba kwamfuta ba ne."

Sannan ya sake faɗa.